Aikin Sa Kai Ɗan Juriya Ne: Darasi Daga Rayuwar Majiyagbe

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan reshenmu, tsohon shugaban makarantar firamare, ya gabatar a taron shekara-shekara na reshe.



An nemi in yi magana a kan aikin sa kai. Na ga ya fi dacewa in ɗauko rayuwar mutum guda wanda ya zauna a garin nan, mu duba ta tare, domin gani ya kori ji. Mutumin shi ne Jonathan Majiyagbe, lauya, wanda ya rasu a shekarar 2023 yana da shekara 88.

An haife shi a 1934. Bayarabe ne, Kirista, aikin lauya ya kawo shi Kano, ya kafa ofishinsa a nan, har ya kai matsayin Babban Lauyan Nijeriya. A 1967 ya shiga ƙungiyar Rotary reshen Kano. Ita wannan ƙungiya wani lauya mai suna Paul Harris ne ya assasa ta a birnin Chicago na Amurka a 1905, domin masu sana'o'i daban-daban su riƙa haɗuwa suna yi wa al'umma hidima. Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, reshenta na farko a Nijeriya a Kano aka buɗe shi, a 1961. Ba abin mamaki ba ne, domin a lokacin Kano ce cibiyar gyaɗa da fata, kuma masana'antun Bompai sun fara tara ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina.

Ku lura da shekarar da ya shiga. A 1967 aka fara yaƙin basasa, lokacin da amana tsakanin 'yan ƙasa ta yi rauni ƙwarai. A irin wannan yanayi ne baƙo ya zaɓi ya ɗaura wa kansa hidimar garin da ya sauke shi. Ya yi shekara 36 yana halartar taro, yana biyan kuɗin ƙungiya, yana riƙe ƙananan muƙamai da manya, kafin a 2003 ya zama shugaban Rotary na duniya baki ɗaya, ɗan Afirka na farko da ya hau wannan kujera. Taken shekararsa shi ne a miƙa hannun taimako.

Sai dai shekarar ta zo masa da jarrabawa biyu. Makonni kaɗan kafin ya kama aiki matarsa ta rasu. Sannan babban aikin da ƙungiyarsa ta sa a gaba tun 1985, wato kawar da cutar shan inna daga doron ƙasa, ya ci karo da cikas a garinsa. A 2003 ɗin nan aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda zargin an gurɓata maganin. Kada mu yi saurin ganin wautar iyayen da suka ƙi. Ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma sakamakon ya yi muni, domin cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai a watan Yulin 2004 aka koma rigakafi. Ku ƙaddara kuna shugabantar yaƙi a duniya, alhali a ƙofar gidanku aka fi ja da baya. Bai yi fushi da Kano ba, bai kuma janye hannunsa daga aikin ba.

Nasarar ba ta mutum ɗaya ba ce. Sarakuna da malaman addini da ma'aikatan lafiya sun sa baki, mata kuma suka bi gida-gida da akwatin sanyi a kafaɗa. A watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe tara daga cikin masu wannan aiki a nan Kano. Allah ya jiƙansu. A 2014 aka ga yaro na ƙarshe da ƙwayar cutar ta asali ta kama a jihar nan, a Sumaila. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ita. Daga 1985 zuwa 2020 shekara 35 ke nan, daidai da tsawon aikin malami a da, daga ɗauka zuwa ritaya. Majiyagbe ya rayu har ya ga ranar.

Na san wani zai ce a ransa, ai Rotary ƙungiyar masu hannu da shuni ce, mu kuwa albashinmu ba ya kai mu ƙarshen wata. Gaskiya ne, kuma ban zo in yi wa kowace ƙungiya talla ba. Abin da nake so mu ɗauka shi ne ɗorewa a kan aiki guda. Mu jikokin masu gayya ne. Kakanninmu ba su jira mai kuɗi ba kafin su taru su nome gonar marar lafiya.

Mu dubi inda muke koyarwa. Ɗalibanmu 'ya'yan leburorin Sharaɗa da Challawa da Bompai ne. Mun ga zamanin da jiniyar masaƙu ke tashin unguwa da asuba, mun kuma ga yadda rashin wutar lantarki da kwararowar kayan waje suka sa aka garƙame ƙofofi da yawa. Duk masana'antar da aka rufe, a rajistar ajinmu ake fara ganin alamarta: yaro ya yi fashin kwana uku, ya koma mako biyu, daga nan sai ka hange shi yana tsintar roba a bola, ko yarinya da farantin talla a bakin majema. Sau nawa muka ja layi a kan sunan yaro ba tare da mun taka zuwa gidansu ba? Ni kaina na yi, kuma har yau abin yana damuna.

Don haka ga roƙona ga wannan reshe. A kafa kwamitin sa kai na bin sawun yaran da suka daina zuwa makaranta. Kowace makaranta ta ba da mutum biyu, mace da namiji, saboda shiga gida. Duk yaron da ya yi mako biyu ba a gan shi ba, a je a gai da iyayensa, a ji dalili, a haɗa kai da mai unguwa da kwamitin iyayen yara. In matsalar kayan makaranta ce ko littafi, ɗan abin da za mu riƙa tarawa duk wata zai iya ɗauka. Mu da muka yi ritaya muna da lokaci da safe, ku sa mu a gaba. Sharaɗi ɗaya ne: a rubuta komai, a kawo rahoto a kowane taro, ko an samu canjin shugabanni kada aikin ya mutu. Da yawan kwamitocinmu ranar ƙaddamarwa ce ranarsu ta ƙarshe.

Malam Shugaba, na ba sakatare sunana a matsayin mutum na farko. Takardar tana kan tebur ga duk mai niyya kafin mu watse.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba mu ladan alli, ya sa mu gama lafiya.