Hanji, Jini da Ganyayen Gida



Mu da muka tashi a ƙasashen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi mun san yadda gwaiwa kan shaƙe hanjin manomi, ko hanji ya murɗe, jini ya daina isa gare shi. A tunaninmu, da zarar likita ya warware shi, shi ke nan. Ashe da sauran rina a kaba.

A shekarar 1981 wasu masana a Amurka, Granger da Rutili da McCord, suka nuna a hanjin kyanwa cewa dawowar jinin ita ma ɓarna take yi. Yayin da jini ya yanke, wani sinadari kan taru a naman hanjin. Jini na dawowa da iskar oksijin, sai su haɗu su haifi waɗansu ƙwayoyi masu cin fatar hanji, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfen dogo a tashar Ƙaura. A 1986 Parks da Granger suka gano abin da ya fi ban mamaki: hanjin da aka hana wa jini awa 3, sannan aka sake masa na awa 1, ya fi lalacewa bisa wanda aka hana wa awa 4 cur.

To, ina ruwan tsirrai? Akwai sinadaran da ke kashe kaifin waɗannan ƙwayoyi, kuma ba su da nisa da tukunyarmu. Jan launin zoɓo yana cikinsu, haka kwasetin da ke cikin albasa da zogale, da bitamin C na garin ƙwallon kuka. An gwada irinsu, musamman kwasetin, an ga raunin hanji ya ragu.

Amma fa a kan ɓeraye aka yi yawancin gwajin, kuma sau da yawa tun kafin a tsare jinin ake ba su. Manomin Zurmi kuwa ba ya samun sanarwa. Saboda haka ba mu yarda wani ya tsaya ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi yana cewa jiƙonsa na warware hanji ba. Wanda cikinsa ya kumbura, yana amai, ba bayan gida, ba tusa, gurin likitan fiɗa za a kai shi a daren nan, ko da sai an dangana da Gusau. Cikin 'yan awoyi hanji ke mutuwa, kuma wanda ya mutu sai dai a yanke.