Horon Kwikwiyo Mai Faɗa: Jawabi Ga Mafarautan Gaya Da Ajingi

Jama'a, kaka ta wuce, farauta ta gabato. Sau da yawa mafarauci yakan ɓata kwikwiyonsa da kansa, watau ya jefa shi cikin manyan karnuka rana ɗaya. Kwikwiyon da ke yaƙe haƙora in ya hangi ɗan'uwansa, galibi tsoro ke damunsa, duka kuwa ƙara tsoron yake yi.

Sai a nemi tsohuwar karya mai sanyin hali, a riƙa zagawa da su a igiya, nesa da juna. In ya natsu, a ba shi loma. Kullum a matso kaɗan. In ya harzuƙa, a ja da baya. Horon ya fi kamawa tun bai cika wata 4 ba.

Amma lalle ne in ya kai wata 3, malamin dabbobi ya yi masa allurar rigakafin haukan kare, sa'an nan ya cuɗu da na gari.