Jawabi Ga Masu Kiwon Tantabara a Katuzu Game da Ɓarnar Shaho

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya, wanda ya daɗe yana kiwon tantabara, ya gabatar a taronmu na farkon kaka. Mun buga shi kamar yadda ya faɗe shi domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.



Malam shugaba, iyayenmu dattawa, malamanmu, 'yan'uwana da kuma 'ya'yanmu matasa da ke zaune can baya, ina yi muku barka da zuwa. Na gode da wannan dama da aka ba ni. Na san akwai wanda zai ce a ransa, duk matsalolin da ke gabanmu a rasa abin da za a tattauna sai tantabara? To, a yi mini haƙuri, a saurari dalili.

Bara war haka, wani yaronmu a nan Katuzu ya rasa tantabaru 7 cikin mako 2. Bai tsaya bincike ba, ya ce ɗan maƙwabcinsa ne yake janye masa su da tasa garken. Shi kuwa maƙwabcin Babade ne, mutumin kirki, mun fi shekara 20 muna gaisawa da shi. Magana ta yi zafi har iyaye mata suka shiga, saura kaɗan a kai ga mai unguwa. Da na ji, sai na kira yaran biyu na ce gobe da hantsi mu zauna tare a saki tsuntsayen mu gani. Wallahi ba mu yi rabin awa ba sai ga ɓarawon ya faɗo daga sama kamar an jefo dutse, ya buge farar macen nan, gashi ya watse, ya yi gabas da ita wajen bakin kogi. Yaran nan suka dubi juna, kunya ta rufe wanda ya yi zargi. Kun ga ke nan maganar tantabara ta zama maganar zaman lafiya. Iyayenmu da suka biyo jirgin ƙasa bayan ya iso Nguru a 1930, suka yaɗu har Gashuwa suna fataucin gyaɗa da ƙaro da kifi da fata, ba su bar mana gadon da ya fi kyakkyawan zama da Badawa masu masaukinmu ba. Bai kamata tsuntsu ya ɓata mana wannan ba.

Abin da nake so in faɗa a yau guda ɗaya ne. Shaho yana da lokacinsa a shekara, yana da sa'arsa a yini, yana kuma da yadda yake farauta. Wanda ya san waɗannan zai rage asara ba tare da ya zargi kowa ko ya zuba guba ba. Hausawa suka ce sanin hali ya fi sanin kama.

Da farko, ba duk mai ƙumba da ke shawagi a sama ne abokin gabarmu ba. Shirwa dai kowa ya san ta, mai wutsiya kamar bakin almakashi. Ita 'yan tsaki take ɗauka da guntun nama a mahauta, ba ta da saurin da za ta kamo lafiyayyar tantabara a sama, sai fa ɗan shila da ya faɗo ƙasa. Haka nan wanda kuke gani a fadama yana bin saman kacalla ƙasa-ƙasa, fukafukansa a ɗage, shi ɓera da kwaɗo da ƙananan tsuntsaye yake nema. Akwai kuma ɗan ƙarami mai ruwan toka da jan ido, wanda kan ɓuya cikin darbejiya. Yawancin abincinsa ƙadangare ne, amma in ya ga ɗan shila yana koyon tashi a tsakar gida ba zai ƙi ba.

Mai yi mana ɓarna sosai shi ne shahon nan mai tsinin fukafukai da jan ƙeya, wanda yake zaune tare da mu a wannan ƙasa. Sau da yawa su biyu suke farauta, miji da mata: ɗaya ya tarwatsa garke, ɗayan ya ɗauki wadda ta ware. Sai kuma ɗan'uwansa baƙo, mai baƙin zane a kumatu kamar saje, wanda wasunsu ke tasowa tun daga can arewacin Rasha su yi hunturu a Afirka. Shi ba shi da yawa, amma babu tsuntsun da ya kai shi gudu a duniya. Idan ya naɗe fukafukai ya sulalo daga sama yakan wuce kilomita 300 a awa ɗaya, ita kuwa tantabara a tafiyarta ta yau da kullum ba ta kai kilomita 100 ba. Shi ya sa kullum daga sama yake zuwa, kuma shi ya sa in ta tsallake bugun farko sau da yawa takan tsira.

To, me ya sa ɓarnar take tsananta daga kaka zuwa bazara, ta lafa da damina? Dalilai huɗu na gani.

Na farko, wurin da muke zaune. Gashuwa tana bakin kogin Yobe, ƙasa kaɗan da inda ruwan Haɗeja da na Jama'are suka haɗu, ga kuma fadamun nan da suka miƙe har Nguru. Daga wajen watan Oktoba zuwa Maris, dubban agwagin ruwa da sauran tsuntsaye daga Turai da Asiya kan tsallako hamada su sauka nan, su tarar da namu na gida irin su kirinjijiya da ɗinya. Saboda su ne mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filip, ya zo Dagona a 1989, aka sa wurin cikin gandun dajin gwamnatin tarayya na Tafkin Chadi a 1991, sa'an nan a 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin fadamun da duniya ta amince a kiyaye. Inda abinci ya taru kuwa, nan maciya ke taruwa. Don haka nakan ce wa yara, in kun ga shamuwa ta tafi, ku fara duban sama.

Na biyu, shahonmu na gida a cikin rani yake ƙwai ya yi renon 'ya'ya, galibi a tsohuwar sheƙar hankaka ko ta shirwa. Mai ciyar da baki uku ko huɗu ba ya zama. Na uku, da damina fara da shinge sun wadata, shaho na cin su, ga ganye ga ciyawa ko'ina wurin ɓuya. Da rani kuwa fili ya buɗe tarwai. Na huɗu, bayan girbi tantabarunmu kan yi nisa zuwa masussuka da gonakin shinkafa, su dawo da maƙoshi cike, jiki ya yi nauyi. Ƙara da hazon hunturu, wanda kan sa tsuntsun da aka firgita ya ɓace hanya, har ma wanda shaho bai taɓa ba.

Ku tuna kuma asarar uwa ɗaya ba asarar tsuntsu ɗaya ba ce. Tantabara ƙwai 2 take yi, ta kwanta kamar kwana 18, uwa da uba suna karɓa-karɓa, su biyun kuma suke ɗura wa 'yan shila abinci daga maƙoshinsu har kusan wata guda. In shaho ya ɗauke ɗaya a wannan tsakani, sau da yawa 'ya'yan ma sun tafi.

Yanzu sai magani, kuma rigakafi ne, wanda aka ce ya fi magani.

Abu na farko, a sake su gaba ɗaya a garke, kada a bar ɗaya ko biyu suna yawo su kaɗai. Wannan ba zancen baka ba ne kawai. A 1978 wani masani a Ingila mai suna Robert Kenward ya buga sakamakon gwajin da ya yi da horarren shaho a kan hasbiyoyin ƙasarsu. Ya tarar idan tsuntsu shi kaɗai ne, shaho kan yi nasara kusan sau 8 cikin 10, amma idan garken ya haura 50 nasararsa ba ta kai sau 1 cikin 10 ba, domin kuwa idanu da yawa sun fi saurin hango shi. Mu da ke maƙwabtaka, me zai hana mu daidaita lokaci mu riƙa saki tare? Ga tsaro, ga zumunci, ga kuma maganin zargi.

Na biyu, a kula da sa'a. Shaho ya fi matsawa da sassafe, lokacin da ya kwana da yunwa, da kuma yamma liƙis. A watannin nan a jinkirta saki, kuma kada a tsaya kan lokaci ɗaya kullum, don shi ma yana da lura. Idan ya saba ƙarfe 7 ana buɗe ɗaki, ƙarfe 7 za ka same shi bisa falwaya ko ƙarfen sadarwa yana jira.

Na uku, a sake su kafin a ba su abinci, a kuma koya musu kira, ko da fito ko da kaɗa dawa cikin gwangwani. Tsuntsun da ya san kira yana jin 'yar yunwa, da ka kaɗa zai sauko. Wanda ya ƙoshi kuwa sai ya zauna bisa kwano yana gyaran gashi, ya zama nama a faranti. A ajiye musu ruwa mai tsabta da ɗan gishiri ko kanwa a gida, don kada ƙishi ya kai su bakin kogi.

Na huɗu, in shaho ya ɗauka yau, gobe zai dawo, wannan babu shakka. A kulle tsuntsaye na 'yan kwanaki har ya ɗebe tsammani ya koma wani wuri. Wanda ke da hali ya yi musu rumfar waya a gaban ɗaki, su sha rana su yi wanka a ciki. 'Yan shila masu koyon tashi, da masu zubar da gashi, da masu kwanci, waɗannan kada su fita sai mai su yana tsaye. Ɗakin kuma, ko tukwane ne ko akwati, kada a manna shi da itace mai duhu inda maharbi zai laɓe, a kuma yawaita ƙofofin shiga don in an koro su kowa ya sami inda zai faɗa. Su madubi da tsumma da mutum-mutumi da wasu ke ratayewa, na 'yan kwanaki ne, shaho kan saba da su. Hankaka ma da kuke jifa, ku rage, domin shi ne mai gadin da ba a biya: da ya ga shaho zai tasa shi gaba da ihu.

Akwai wani abin mamaki ga masu zaɓen iri. A 2005 wasu masana a Kalifoniya ta Amurka sun nuna cewa tantabara mai ruwan toka da farin gashi a gadon baya, dab da wutsiya, ta fi tsere wa shahon nan mai saje. Har musanya gashin suka yi tsakanin tsuntsaye, sai sa'ar ta bi farin gashin. Mai irin wannan a ɗakinsa ya riƙe ta da kyau.

Sa'an nan kafin a ɗora wa shaho ko mutum laifi, a duba. Shaho da rana yake aiki, yakan bar tarin figaggen gashi. In da dare aka yi ɓarna, a nemi muzuru ko gafiya ko maciji. In kuwa tsuntsu ya yi sanyi, yana zawo ko wuya na murɗewa, ciwo ne, wanda shi ma da hunturu ya fi yawa, sai a ware shi a nemi malamin dabbobi.

Daga ƙarshe, ina roƙonku da babbar murya, a bar zancen guba. Na taɓa ganin wanda ya barbaɗa maganin ƙwari a jikin mushen tantabara ya ɗora bisa katanga. Shaho bai ko kalle shi ba, domin shi mai rai ya fi so. Ungulu 2 ne suka mutu, da kyanwar gidan, da kajin wata tsohuwa da suka tsattsagi abin da ya zubo. Da yaro ne ya ɗauka fa? Kisan ma ba ya ƙarar da shi. A 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, gwamnatin Ingila ta ba da umarnin a kashe shaho don kare tantabarun da ke kai wasiƙun soja. An kashe wajen 600, amma da yaƙi ya ƙare wasu suka cike gurbin. Ka kashe na kan falwayar nan, wani ya gaje ta.

Ban da haka, tsuntsayen nan suna yi wa manomanmu aiki. Su ke rage ɓera da fara da jan-baki, wanda kowa ya san irin ta'asar da yake yi wa shinkafa da gero a wannan yanki. Kuma suna raguwa. Wani bincike da aka buga a 2024 kan iri 42 na tsuntsaye masu farauta a Afirka ya nuna kusan 9 cikin 10 sun ragu, abin ya fi muni a Afirka ta Yamma. Mai gonar da ke gefenka, wanda watakila shi ya ba kakanka filin da ka gina gida, yana da haƙƙi a cikin wannan shaho kamar yadda kake da haƙƙi a tantabararka.

Shawarata ga ƙungiya ita ce a sayi littafi guda a ba ɗaya daga cikin matasa. Duk wanda ya yi asara ya zo a rubuta rana da sa'a da unguwa da irin tsuntsun da aka gani. In muka yi haka shekara 2, mu da kanmu za mu san makonnin da ya kamata a kulle ɗaki a Katuzu. A kuma gayyaci 'yan'uwanmu Badawa da Barebari masu wannan sha'awa su sa hannu, tun da shaho bai san ƙabila ba.

Malam shugaba, na ga kana duban agogo, nan zan tsaya. Abin da na faɗa daidai Allah Ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure a gafarce ni. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya albarkaci kiwo da noma da kasuwa.