GUBAR FUMFUNA A CIKIN ABINCIN KAJI: Jawabin da Aka Yi wa Masu Kiwo a Bangi

Kwanan baya ne masu kiwon kaji, da dillalan hatsi, da mata masu sana'ar ƙuli-ƙuli suka taru a Bangi, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Mariga ta ƙasar Kontagora, don su saurari wani likitan dabbobi da ya yi musu jawabi a kan wata guba da ke ɓuya cikin masara da gyaɗa. Ga abin da jawabin ya ƙunsa.

Bayan da ya gai da iyayen ƙasa da malamai da sauran jama'a, likitan ya ce akwai wani kuka da ya fi ji daga bakin masu kiwo fiye da kowane. Mutum zai sayi 'yan tsaki da kuɗinsa, ya yi musu riga-kafi a kan kari, ya ba su abinci safe da yamma, amma mako shida su wuce kaji na nan tsumu-tsumu, gashi a hargitse, ba girma ba kuzari. Masu ƙwai su rage yi, wanda suka yi kuma ya zo ƙanana. Daga nan sai mai kaji ya soma laluben mai laifi: yau ya ce wanda ya sayar masa da 'yan tsakin ne ya cuce shi, gobe ya ce allurar ce ta lalace, jibi ya ce baki ne ya kama masa dukiya. Likitan ya ce shi kuwa in an kira shi, abubuwa biyu yakan fara dubawa. Yakan feɗe kaza ɗaya daga cikin waɗanda suka mutu, sau da yawa ya tarar hantar ta kumbura, ta koma fatsi-fatsi kamar an shafa mata mai, in ya taɓa ta da yatsa sai ta dagargaje. Sa'an nan ya ce a kai shi inda ake ajiye abinci, ya tura hannu cikin buhu. In ya ji ɗumi a tsakiyar buhun, ya kuma ji warin ɗaki da aka daɗe ba a buɗe ba, to, ya san inda gizo ke saƙa.

Ya bayyana cewa fumfunar da kowa ya sani, wadda kan fito kore-kore a jikin masara ko gyaɗar da ta sha laima, iri-iri ce, kuma wata daga cikinsu da masana ke kira Aspergillus flavus takan fitar da guba mai suna afilatoksin. A cikin ƙasa take zaune, a gonar kowa. Zafi da laima take so, ga su kuwa Allah ya hore mana a ƙarshen damina. Abin tsoro game da gubar, in ji shi, ba ta da ɗanɗano, ba a ganinta da ido, kuma wutar girki ba ta kashe ta. Ana iya shanya masara fumfunar ta bushe ta kakkaɓe, ƙwaya ta yi kyau a ido, alhali gubar na nan daram a ciki.

Daga nan sai ya ɗauko tarihin yadda duniya ta san wannan guba, ya ce ta kan tsuntsayen kiwo aka gano ta. A shekarar 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila cikin 'yan watanni, aka rasa sunan cutar. Da aka bi diddigi sai aka tarar duk gidajen da abin ya shafa sun ciyar da tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Birazil. A daidai wannan lokaci kuma 'ya'yan agwagi suka yi ta mutuwa a Kenya da Yuganda, su ma a kan tunkuzar gyaɗa. Labarin bai yi wa Nijeriya ta Arewa daɗi ba, domin a lokacin dalar gyaɗa na tsaye a Kano, kuma Turai ce babbar kasuwarmu. Saboda haka masana na Samaru, Zariya, suka shiga gwaje-gwaje cikin shekarun 1960, a Kano da kuma Mokwa, wadda yau take cikin Jihar Neja. Abin da suka gani shi ne gyaɗar da ɓawonta ya fashe ko gara ta huda, da wadda aka bari ta wuce lokaci a ƙasa, da wadda ta daɗe ba ta bushe ba bayan cira, su ne suka fi ɗaukar gubar. Likitan ya ce shekara sittin ke nan da sanin wannan, a jiharmu aka yi wani sashe na aikin, amma har yau bai isa kunnen mai kaji ashirin a bayan ɗaki ba. Ya ce an yi Shirin Ciyar da Ƙasa a 1976, an yi na bunƙasa noma a zamanin Shugaba Shehu Shagari a 1980, duk an kwaɗaitar da jama'a su yi noma su yi kiwo, amma maganar yadda za a adana abin da aka noma kullum ita ce ta baya.

Game da yawan gubar da ke yin lahani, ya ce a Amurka dokar ƙasa ba ta yarda abincin 'yan tsaki ya ƙunshi fiye da miligiram 20 cikin tan guda ba. Don jama'a su gane, ya ce su ɗauki buhu goma na kilo ɗari-ɗari, su kwatanta da ƙwayar dawa ɗaya tak. To, gubar da aka yarda da ita cikin buhunan nan goma ba ta kai nauyin ƙwayar nan ba. 'Ya'yan agwagwa ne suka fi saurin faɗuwa, sai talo-talo, sa'an nan kaji, kuma ƙanana sun fi manya jin jiki.

A nan ne ya daɗe yana bayani, domin ya ce mutuwar farat ɗaya ba ita ce babbar hasara ba. Wadda ta fi cin dukiya ita ce ta sannu a hankali. Hanta ita ce ke sarrafa abin da kaza ta ci ya zama tsoka da ƙwai, in ta sami rauni sai kaza ta ci abincin buhu biyu ta ba da amfanin buhu ɗaya, ga shi kuwa abinci ne ke cinye wajen kashi biyu cikin uku na kuɗin da mai kiwo ke kashewa. Bayan haka gubar takan raunana garkuwar jiki. Shi ya sa za a yi wa kaji riga-kafin Niyukasil ko Gumboro yadda ya kamata, amma cutar ta zo ta share akurki kamar ba a yi ba. Ya ce an sha zagin ma'aikatan dabbobi a kan allura, alhali laifin na cikin buhu. Mai sayen kaji kuma yakan ga jini ya taru a cinya ko ƙirji bayan an fige, ya rage kuɗi, shi ma wani lokaci aikin gubar ne, don tana hana jini daskarewa da wuri. Ya ambaci wasu gubobin fumfuna biyu a taƙaice, fumonisin da ke yawa a masara, da okaratoksin mai lalata ƙoda, ya ce sau da yawa tare ake samunsu cikin buhu ɗaya.

Da ya juyo kan al'adunmu, likitan bai ɓoye ba. Ya ce in uwargida ta tsince masara, mai kyau ta tukunya ce, ruɓaɓɓiya ta kaji. In dillali ya ga buhu ya soma ɗumi, sai ya karyar wa mai haɗa abincin kaji, shi kuma ya niƙa ya gauraya, ba mai iya ganewa. Ta wajen gyaɗa abin ya fi muni, domin in an matse mai, mafi yawan gubar a tunkuza take zama, tunkuzar nan kuwa ita ce ta kaji, ita ce kuma ƙuli-ƙulin da yaro ke tauna a hanyar makaranta. Ya tunatar da jama'a abin da ya faru a gabashin Kenya a shekarar 2004, inda mutum 317 suka kwanta, 125 daga cikinsu suka rasu, bayan sun ci masarar gonakinsu da aka adana da laima. Ya ƙara da cewa hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa afilatoksin cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo dajin hanta, kuma haɗarin ya fi yawa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a ƙasarmu.

Ya ce ya san halin da manoman ƙasar Mariga ke ciki. Shekarun nan na 'yan bindiga sun sa wani ya karye masararsa tun ba ta bushe a kara ba, ya loda a buhu ya gudo da ita gari, ya jibge a ɗakin da mutane ke kwana. Wani kuma tsoro ya hana shi zuwa gona har amfanin ya faɗi ƙasa, ruwan ƙarshe ya same shi. Ba wanda zai zarge su, in ji shi, amma duka biyun fumfuna suke wa shimfiɗa. Wanda dole ta sa ya kwaso da wuri, kada ya bar ta ta kwana biyu a ɗaure. Ya zazzage, ya ɓare, ya baza a rana tun ranar da ya iso.

A kan shanya ya ce kada a zuba a ƙasa tsirara ko a gefen kwalta, a sami tabarma ko tamfol ko daɓen siminti, a kwashe kafin raɓa ta sauka. Masara ba ta isa ajiya ba sai laimarta ta sauka zuwa kashi 13 cikin 100, gyaɗa kuwa wajen kashi 7 ko 8. Wanda ba shi da ma'auni ya sami kwalba busasshiya, ya zuba ƙwaya da gishirin da ya bushe sarai, ya toshe ya girgiza, ya ɗan jira. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya. Wajen sussuka a yi hattara da duka, don ƙwayar da ta fashe ƙofa ce. A sheƙe, a tsince mai baƙi da mai huda da wadda ta yamutse, domin yawancin gubar buhu a cikin 'yan ƙwayoyi kaɗan take taruwa. A ɗora buhu a kan katako, nesa da bango. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS yana da kyau ƙwarai, amma ga hatsin da ya riga ya bushe.

Sa'an nan ya nuna musu wata dawa mai launin shuɗi, ya ce sunanta Aflasafe. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ce ta haɗa ta tare da masana na Amurka, hukumar NAFDAC kuma ta yi mata rajista a 2014. Dawa ce da aka gasa don kada ta tsiro, aka lulluɓe ta da irin fumfunar nan, amma daga dangin da ba ya fitar da guba, wanda daga ƙasar Nijeriya aka samo shi. Ana watsa kilo 10 a hekta guda, mako biyu zuwa uku kafin masara ko gyaɗa ta yi fure, lokacin da ƙasa ke da laima. Mai kirki sai ta riga muguwar kama wuri. Gwaji a gonakin manoma ya nuna gubar na raguwa da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Ya ja kunne cewa wannan ba taki ba ne, ba kuma ya maye gurbin shanya.

Ga masu haɗa abinci da kansu, ya ce akwai wata laka da aka tace, bentonait, wadda in an gauraya ta cikin abinci takan kama afilatoksin a cikin hanji, ta fita da ita cikin kashi kafin ta shiga jini. Gwajin da aka yi a Amurka tun ƙarshen shekarun 1980 ya nuna kilo 5 cikin tan guda na rage lahani sosai. Amma ya ce ba lakar kududdufi yake nufi ba, kuma ita kanta ba ta da ƙarfi sosai a kan sauran gubobin, ba ta kuma mai da ruɓaɓɓen abinci ya zama na kirki. A damina kada a haɗa abin da ya wuce na mako biyu, a riƙa kankare mazubi, don abincin da ya jiƙe ya daskare a gindin mazubi gidan fumfuna ne.

Ya yi kira ga Ƙaramar Hukuma da 'yan majalisar da jama'a suka zaɓa su gina daɓen shanya a kasuwanni, su sa ma'aunin laima a hannun malaman gona, su kuma riƙa kawo Aflasafe tare da taki tun farkon damina, domin in ta iso bayan fure ta zama kayan kallo.

Da aka ba da damar tambaya, wata dattijuwa mai ƙuli-ƙuli ta miƙe ta ce, “Likita, tsintar da ka ce a zubar, a buhu ɗaya nakan fitar da mudu guda ko fiye, kuma da kuɗina na saya. In ban ba kaji ba, in ba akuya?”

Likitan ya ce, “A'a, Inna. Akuya ko saniya mai shayarwa in ta ci, wani abu na gubar yakan fito cikin nono, jikokinki ne za su sha. Ki ƙone ta, ko ki haƙa rami mai zurfi ki binne. Gobe kuma in za ki sayi gyaɗa, ki zazzage mudu ɗaya a faifai a gaban mai ita, ki tsince yana gani, sa'an nan ku yi ciniki.”

Wani dillali daga baya ya ɗaga murya ya ce in haka ne su ma sai su yi wa manomi, aka yi dariya. Likitan ya ce abin da yake so ke nan, ya roƙi a kawo masa faifai da mudun gyaɗa daga kasuwa don a gwada kafin a watse.