Tsohuwar Mota, Haɗari Da Takardar Inshora

   

Yau maganar mota za mu yi. Na san wata za ta ce, ni da ba na fita sai da lalura, ina ruwana da mota, balle takardunta? 'Yar'uwa, ki ɗan ajiye muciyar ki saurare ni. Ranar da tsohuwar motar maigida ta yi karo, a kan titi ake fara maganar, amma a ɗakinki ake ƙarasa ta. Kuɗin cefane ne zai ragu, 'yan kunnenki ne za a kai kasuwa, ragon da kike kiwo domin layya shi za a ja a fita da shi. Ga kuma da yawa daga cikinmu da suka tara kuɗin adashi ko na gado suka sayi mota ta hannu ko a-daidaita-sahu, suka ba ƙani ko ɗa yana haya yana kawo musu balas. To, wannan 'yar takarda ta inshora da ke naɗe a aljihun mota, ta shafe ki ƙwarai, kuma tun kafin tsautsayi ya kamata ki san abin da ke cikinta.

Da farko, inshorar mota iri biyu ce aka fi sani a Nijeriya. Akwai wadda doka ta wajabta wa kowane abin hawa, ita ce inshorar ɓangare na uku, wadda za ki ga an rubuta Third Party a jikinta. Ɓangare na farko shi ne mai mota, na biyu kamfanin inshora, na uku kuwa shi ne mutumin da motarku ta yi wa ɓarna: wanda aka buge, ko aka fasa wa mota, ko aka rushe wa katanga. Shi ake biya. Motarku kuwa, ko da ta yi kwatsa-kwatsa, wannan takarda ba za ta sayo muku ko madubi ba. A nan ne mutane da yawa suke shan mamaki, su ce ai muna da inshora amma an hana mu haƙƙinmu. Ba a hana su komai ba, abin da suka saya ke nan tun asali.

Duk da haka kada ki raina ta. Hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, wato NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ta sake farashi daga 1 ga Janairu 2023. Motar gida da a da ake biya wa Naira 5,000 a shekara ta koma Naira 15,000, abin da kamfani zai iya biya na ɓarnar dukiyar wani kuma ya tashi daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. A wannan tsari na 2023, Keke Napep Naira 5,000 ce, ana biyan ɓarna har miliyan 2, babur kuma Naira 3,000, har miliyan 1. Wannan lissafin dukiya ne kawai, maganar rauni ko rasa rai daban ake duba ta. Ki auna da kanki. Tsohuwar Golf ɗin maigida birki ya shanye, ta daki bayan sabuwar jif ɗin wani attajiri. Fitila guda ta irin waɗannan motoci tana iya cinye cefanenku na watanni. Idan takardar ta gaske ce, kamfani ne zai ɗauki wannan nauyi.

Iri na biyu ita ce cikakkiyar inshora, wadda ake rubuta wa Comprehensive. Ita ce ke biyan ɓarnar wani, ta kuma biya gyaran motarku, har da gobara da sata. Sai dai tana da tsada, domin hukumar ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar da aka rubuta wa motar. Misali, motar da aka yi wa kuɗi Naira miliyan 2, za a biya aƙalla Naira 100,000 a shekara. Kuma kamfanoni da dama ba sa ɗokin yi wa motar da ta tsufa ƙwarai irin wannan inshora, sai sun duba ta tukuna. Shi ya sa mafi yawan tsofaffin motocin gidajenmu iri na farko suke ɗauke da ita.

Yanzu abu na biyu, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, shi ne takardar bogi. Maigida ya ba wani ɗan kamasho kuɗi a bakin ofishin lasisi, ya ce a sabunta masa takardu. An kawo masa takarda mai hatimi da kyan gani, kuma da araha. Zai yi ta nuna wa ma'aikata a hanya yana wucewa, amma babu kamfanin da ya san da zamanta. Sai ranar haɗari asiri zai tonu. Araha ba ta ado, 'yan'uwa. Kuma tun daga 1 ga Fabrairu 2025 rundunar 'yan sanda ta fara tsananta binciken wannan takarda a faɗin ƙasa.

Abin farin ciki, daga kan tabarmarki za ki iya gane ta gaske. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da rumbun ajiyar bayanai da ake kira NIID. Ki ɗauki wayarki, ko ƙarama ce, ki danna *565*11#, ki bi abin da aka tambaye ki, ki sa lambar motar. Idan bayanin motar bai fito ba, sai a koma wurin wanda ya yi takardar tun da sauran lokaci. In karatun boko ya yi miki wuya, ɗanki ɗan makaranta zai taya ki. Ki duba ranar da takardar za ta ƙare, ki sa alama a kalanda, domin takardar da ta ƙare jiya ba ta biyan haɗarin yau.

Akwai abubuwa uku kuma da ke sa kamfani ya ƙi biya ko da takardar ta gaske ce, kuma tsohuwar mota ta fi faɗawa cikinsu. Na ɗaya, suna. Mota ta hannu takan bi hannu uku ko huɗu, har yanzu takardu na ɗauke da sunan wanda ya fara shigo da ita daga Kwatano. Inshora ba ta bin mota zuwa hannun sabon mai ita haka kawai. A yi canjin suna, a yi inshora da sunan mai motar na yanzu. In kuɗinki ne, sunanki ya dace ya hau, ko kuwa a rubuta a gaban shaidu cewa taki ce. Wannan ba rashin yarda da miji ba ne, kiyaye haƙƙi ne, musamman idan maganar gado ta taso. Na biyu, aikin da motar ke yi. An yi mata inshorar motar gida, amma ana kabu-kabu da ita tsakanin Kano da Wudil. In ta haya ce, a faɗa wa kamfani gaskiya a biya kuɗin ta haya. Na uku, direba. Yaron da aka miƙa wa makulli ba shi da lasisi, ko nasa ya ƙare. Uwa, kada son ɗa ya sa ki roƙa masa makullin babansa alhali bai da lasisi.

To, ƙaddara ta auku, an bugo miki waya. Bayan innalillahi, me za ki ce? A wannan lokaci maigida hankalinsa a tashe yake, jama'a sun kewaye shi, kowa na faɗin albarkacin bakinsa. Ke da kike gida kin fi shi natsuwa, sai ki tuna masa a hankali. Rai shi ne gaba da komai: a kai wanda ya ji ciwo asibiti, a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra a lamba 122. Sannan a ɗauki hoton motocin a inda suka tsaya kafin a janye su, da lambobinsu, da inda suka lalace. A karɓi sunan ɗaya direban, da lambar wayarsa, da sunan kamfanin inshorarsa, da wayar mutum ɗaya ko biyu da suka ga abin da idonsu. A sanar da 'yan sanda, domin kamfani yakan nemi rahotonsu, musamman in an yi rauni ko an rasa rai. Sai a sanar da kamfanin inshora a ranar ko washegari, kada a bari ya kwana biyu.

Ki ce da shi, “Malam, don Allah kada ka sa hannu a kowace takarda, kada kuma ka yi alkawarin biyan kuɗi sai kamfani ya ji.” Mu Hausawa mun saba da sulhu, kuma sulhu alheri ne. A yi jaje, a je dubiya asibiti, a taimaka da abin da ya sawwaƙa. Amma idan mutum ya yanke kuɗi shi kaɗai a bakin titi ya biya, daga baya ya je kamfani neman a mayar masa, suna iya cewa ba da yawunsu aka yi ba. Haka nan kada a yi gaggawar kai motar wurin bakanike ko mai walda a fara bugu. A jira mai duba ɓarna na kamfani ya gani, ya amince da lissafin gyara. Duk rasit na asibiti da na janwe, ki karɓa ki adana a ƙasan akwatinki.

Idan kuwa ɗaya direban ne mai laifi, to inshorarsa ce ya kamata ta gyara motarku, ko da taku ta ɓangare na uku ce. Mutane da yawa ba su san wannan ba, sai su ce Allah Ya isa, su tafi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna su sayi kayan gyara da guminsu. Shi ya sa na ce a karɓi sunan kamfaninsa tun a wurin.

Ga masu cikakkiyar inshora a kan tsohuwar mota, sai a shirya wa lissafin kamfani. Ba kuɗin sabuwa za su biya ba, darajar motar a kasuwa kafin haɗarin suke dubawa, kuma ba za su wuce adadin da aka rubuta a takarda ba. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023 motoci suka yi tsada, saboda haka wanda ya bar tsohon adadi a takardarsa, abin da za a ba shi ba zai sayi irin motarsa ba. A riƙa gyara adadin duk lokacin sabuntawa. Akwai kuma wani kaso na farko da aka rubuta a yarjejeniya cewa mai mota ne zai biya daga aljihunsa. Idan an cire tsohon ƙarfe an sa sabo fil, suna iya cewa mai mota ya cika wani abu, tunda motar ta fi yadda take a da. In kuwa kuɗin gyara ya kusa kamo darajar motar, sai su ce ta tashi aiki: su biya darajarta, su ɗauke gawar motar. Wanda yake son ya riƙe gawar, sai a yi ciniki a rage masa kuɗinta daga abin da za a ba shi. Kafin a karɓi tayinsu, a tura wani ya zaga wurin dillalai ya ji nawa ake sayar da irinta, a kuma nuna rasit idan an sa mata inji ko tayu ba da jimawa ba. Da zarar an sa hannu a takardar sallama, magana ta ƙare. Idan ana ganin an yi zalunci ko ana ta jan ƙafa, NAICOM tana da sashen karɓar koke, a rubuta mata.

Na san akwai mazajen da ke ƙyamar inshora saboda addini, domin malamai sun yi magana a kan riba da rashin tabbas da ke cikin wadda aka saba. To, yanzu akwai takaful, wato tsarin taimakekeniya bisa shari'a, inda jama'a ke zuba gudummawa a asusu guda ana tallafa wa wanda asara ta sama. Hukumar ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da ke yi wa motoci. Maigida ya tambayi malaminsa, ya zaɓi abin da zuciyarsa ta natsu da shi. Tawakkali bai hana ɗaukar mataki ba, kuma haƙƙin wanda aka buge yana wuyanmu har gaban Allah.

Saboda haka 'yar'uwa, ga aikin gida na wannan mako. Idan maigida ya dawo, ya ci abinci ya huta, ki zaɓi lokacin da ransa ke sake, ki ce, “Alhaji, ko zan ga takardun motar nan in adana mana kwafi?” Ki duba wace iri ce, sunan wa ke kai, yaushe za ta ƙare, ki kuma gwada lambar a waya. Ki rubuta lambar wayar kamfanin a ɗan littafinki. In kuɗin sabuntawa ne matsala, Naira 300 a mako cikin asusu ta isa ta haɗa 15,000 kafin shekara ta zagayo. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Allah Ya tsare mazajenmu da 'ya'yanmu a kan hanya, Ya kai su lafiya Ya dawo mana da su lafiya. Waɗanda ke kwance a asibiti Allah Ya ba su sauƙi, waɗanda suka riga mu Allah Ya jiƙan su. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum, a huta lafiya.