Ciwon Sukari Na Cin Ido A Ɓoye, In Ji Likita

Wannan shi ne jawabin da wani likitan ido ya yi wa direbobi da fatake a Jambutu ta Jimeta, inda motoci ke tashi zuwa Kudu.

Likitan ya ce ciwon sukari yana lalata ƙananan jijiyoyin jini da ke can bayan ido, ba tare da zafi ko ja ba, har sai gani ya fara dushewa. Amma ya ce ana iya gane wanda ke cikin haɗari tun da wuri.

Abu na farko, in ji shi, shekarun da mutum ya yi da ciwon. Cikin waɗanda ciwon ya kama da girmansu, fiye da rabi sukan sami wannan lahani bayan shekara 20. Abin takaici, mutum ba ya sanin ranar da ya kamata ya fara ƙidaya. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kusan rabin masu sukari 'yan shekara 40 zuwa sama ba su ma san suna da shi ba. Saboda haka ranar da aka gaya wa magidanci yana da sukari, a makon nan ya nemi likitan ido, kada ya jira ya ga hazo.

Ya ƙara da cewa sukarin da ba ya sauka, da hawan jini, da ciwon ƙoda, duk suna gaggauta ɓarnar. Haka kuma mace mai sukari in ta sami juna biyu, lalle a duba idonta tun watannin farko.

Ya ja kunnen masu tafiya Ikko da Badun da Fatakwal neman abinci, waɗanda kan bar magani sai sun komo gida da Salla. Direban da ganinsa ya ragu, sana'arsa ta ƙare, iyali kuwa na jira. Ya ce sayen tabarau a bakin tasha ba ya maganin wannan. Sai an ɗiga magani ƙwayar ido ta buɗe, likita ya leƙa ciki, sau ɗaya kowace shekara, ko a asibitin koyarwa na Yola, ko asibitin ido na ECWA a Kano, ko duk asibitin gwamnati mai sashen ido a garin da mutum yake zaune. Ya roƙi direbobi kada su riƙe sitiyari a ranar, domin maganin yakan dushe gani na 'yan sa'o'i.