Jawabi Kan Haɗarin Shaƙar Sifirit A Shaguna Da Gidajenmu

 

Mu 'yan kasuwa mun saba da sifirit. Da shi ake sirka turare, yana kuma cikin ruwan da masu fenti da kafintoci ke aiki da shi. To, iri biyu ne: akwai etanol, akwai metanol. Ido ba ya rarrabe su. Metanol ya fi araha, kuma shi ne mai dafin, domin hanta na juya shi ya koma gubar da ke cin jijiyar ido. A 2015 aƙalla mutum 18 suka mutu a Ode-Irele ta Jihar Ondo bayan sun sha ogogoro mai metanol.

Wani zai ce, "Ai mu ba sha muke yi ba." Gaskiya ne, amma fa huhu ma ƙofa ce.

A 1993 masana a Amurka sun sa ɓeraye masu ciki shaƙar tururinsa awa 7 kullum. Da ya kai kashi 5,000 cikin miliyan na iska, sai aka riƙa samun 'ya'ya masu tsagaggen ganɗa, wasu ƙoƙon kansu bai rufe ba. A 1999 Jami'ar Washington ta ba da sakamakon gwaji a kan birai, waɗanda jikinsu ke sarrafa metanol kamar namu. Sun shaƙi kashi 200 zuwa 1,800, awa biyu da rabi kullum, suka haihu kafin lokaci da kwana 6 zuwa 8. Kashi 200 ɗin nan kuwa shi ne iyakar da dokar Amurka ta yarda wa ma'aikaci a awa 8.

Yanzu mu dubi ɗakunanmu. Ana haɗa turare an rufe ƙofa don kada ƙamshi ya fita, ga zafin Maiduguri na tada tururi, ga mai ciki zaune, ga goyo a baya.

Don haka, jama'a, mu tambayi dila wane iri ya auna mana. Mu yi sirki a tsakar gida, mu rufe jarka, mu nisanta masu ciki da yara. Wanda ya ji ciwon kai, jiri ko hazo a ido, ko da washegari ne, a garzaya da shi Asibitin Koyarwa, a faɗa wa likita abin da ya shaƙa. Riba tana dawowa, amma ba a sayar da ido a Kasuwar Monday.

Allah Ya ƙara mana lafiya.